Amanar Kamamme: Daga Ganuwar Bebeji Zuwa Lakwaja

Wanda ya bar birnin Kano ya nufi kudu, ya karya kwana a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore har ya hango duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, gonakin masara da rake da shinkafa zai yi ta gani dama da hagu. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin iyaka ne. Zazzau na kudu da shi, duwatsun Ningi na gabas, babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya kuma ta Bebeji take bi, inda Bature Clapperton ya ratsa a 1826 ya tarar da gari mai ganuwa da kasuwa. Mutumin da aka haifa a nan a wancan zamani ya tashi da sanin cewa ana iya kama shi. Manomi ya sani, ɗan baka mai tsaron ƙofa ya sani, barden da sarki ya aiko ribaɗi ya fi kowa sani. Saboda haka tambayar abin da ya wajaba a kan namiji idan ya faɗa hannun abokan gaba, tambaya ce ta yau da gobe a garuruwan nan, tun kafin a rubuta wata yarjejeniya a Turai.

Tushen fitinar daga cikin gida ya fito. Wajen 1846 wasu malamai na Tsakuwa, ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan harajin da Kano ta ɗora musu, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Cikin 'yan shekaru suka zama ƙarfin da ya hana kudancin Kano barci. Ɗan Maje, da Haruna, da Ɗan Yaya daga baya, kowanne ya yi zamaninsa yana kai hari. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya kashe shekaru masu yawa yana fama da su, shi ma yana hawa duwatsun yana kwaso mutane. Kowane ɓangare na kamawa, kowane ɓangare ana kama nasa. Garuruwa irin su Rano da Tudun Wada suka zama garkuwa, ana gyara ganuwa, ana zuba dakaru.

Mahari idan ya kama mayaƙi, ba kuɗin da zai samu a kansa kaɗai yake hange ba. Yana son ya ji wace ƙofa ce ba ta da tsaro, ina ganuwa ta zube da damina, yaushe barade suke fita, a wane kwari ake ɓoye shanu. Hari ba ya yiwuwa sai da ɗan jagora, kuma babu jagoran da ya kai ɗan gari. Farkon amanar kamamme ke nan, bakinsa. Kalma ɗaya daga gare shi tana iya jawo wa unguwarsu wuta, da uwarsa da 'ya'yansa a ciki. Wannan ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin bakin iyaka.

Amana ta biyu ce ta fi ba ni mamaki, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Malaman zaure na ƙasar Kano suna karanta Muhtasar na Shehu Halil, kuma a babin jihadi hukuncin a fili yake. Kamammen da abokan gaba suka amince masa, shi kuma ya karɓi amanar da yardarsa, haramun ne ya ha'ince su, ko a dukiyarsu ko a kansa. Wato idan ya ce a kwance masa mari ba zai gudu ba, aka kwance, to ba shi da halin gudu. Idan kuwa bai ba da kalmarsa ba, ko tilasta masa aka yi ya ba da ita, hanya a buɗe take, ya tsere duk lokacin da ya samu dama. Hukuncin yana da asali tun zamanin Manzon Allah (SAW). Kuraishawa sun tare Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanyar Madina gab da yaƙin Badar, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Musulmi ba. Da suka iso suka ba da labari, aka umarce su da su cika alkawarin, alhali rundunar Musulmi ba ta wuce mutum 300 da 'yan kai ba, tana bukatar kowane takobi. Alkawari ne da aka yi wa abokin gaba, a cikin matsi, amma aka ce a riƙe shi.

Labarin Hubaibu ɗan Adiyyu ya fi wannan tsanani. Yana tsare a Makka, ya san ranar kashe shi ta matso, ya ari aska don ya yi tsafta. Wani ƙaramin yaro na gidan ya rarrafo ya hau cinyarsa, askar na hannunsa. Uwar yaron ta firgita. Ya kwantar mata da hankali, bai taɓa yaron ba, bai yi garkuwa da shi don ya tsira ba, aka fitar da shi aka kashe shi. Duk wanda ya zauna wa'azin watan azumi ya ji wannan ƙissa. Abin da take koyarwa shi ne kamu ba ya sauke wa mutum halinsa. An ƙwace masa makami da 'yanci, amma abin da ya haramta gare shi jiya yana nan haramun yau.

Shari'ar ba ta ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Ammaru ɗan Yasir ya faɗi abin da masu azabtar da shi suke so ya faɗa, aka yi masa uzuri saboda zuciyarsa ba ta juya ba. Abdullahi ɗan Huzafa, wanda Rumawa suka kama a zamanin Halifa Umar, ya ƙi barin addininsa duk da barazana da kwaɗaitarwa, amma ya yarda ya sumbaci kan sarkin Rum da sharaɗin a saki sauran kamammun tare da shi. Ya sauke girman kansa, ya ƙi fita shi kaɗai. A ganina nan ne ma'aunin yake. Abin da ya shafi kanka kana da sauƙi a cikinsa, abin da ya shafi ran wani ba ka da shi.

Nauyin kuma bai tsaya kan kamamme kaɗai ba. Littafin da ya hana shi cin amana shi ne ya wajabta wa na gida su fanso shi, daga baitulmali da farko, in babu daga dukiyar Musulmi, sannan daga tasa. Daular Usmaniyya ta Sakkwato ma a kan kamammu wutarta ta fara kamawa. A ƙarshen 1803 dakarun Gobir suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka ɗauro mutane suka biyo da su ta kusa da Degel. Jama'ar Shehu Ɗan Fodiyo suka tare su suka kwance ɗaurarrun. Ba a daɗe ba aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Baba ta Ƙaro, wadda ta tashi a yankin Zarewa, yamma da Kiru, ta ba wa Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta kuma faɗi yadda mahara suka kwashe mutanen gidansu, da yadda maza suka bi sawu har suka gano inda suke, aka yi ciniki, dangi suka tara wuri aka biya. Kuɗin fansa yakan fi kuɗin bawa a kasuwa, don mai riƙe da mutum ya san ba baƙo ne ke saye ba. Kamammen da ya san ana nemansa yana da dalilin daurewa. Wanda ya tabbata an manta da shi kuwa, da wuya a zarge shi in ya nemi wani ubangida.

Da yawa sun nema, sun kuma samu. Fadar Kano cike take da bayin sarki waɗanda asalinsu ribatattun yaƙi ne ko 'ya'yansu. Shamaki da Ɗan Rimi da Salama manyan muƙamai ne, a hannunsu bindigogin sarki suke, sarki ya fi amince musu a kan 'yan uwansa na jini. Wasu kamammun kuma aka gangara da su bakin teku. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen jihadi aka sayar har ƙasar Barazil su ne suka shirya tawaye a Bahiya a 1807, suka sake a 1809 da 1814. Mayaƙa ne da ba su ba wa kowa kalmarsu ba, ba su kuma daina neman hanyar fita ba.

Basasar Kano ce ta nuna cewa sanin hukunci daban, aiki da shi daban. Sarkin Kano Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Maje Karofi suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu, jagoranci ya koma hannun ƙanensa Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu Mai Sango. Duka ɓangarorin Musulmi ne, jikokin Sarkin Kano Dabo ne, littafi ɗaya suka karanta, kuma littafin ya hana kashe kamammen irin wannan yaƙi bayan an sauke makami, ya hana bautar da shi. Duk da haka an yanka kamammu a birni, an sayar da 'ya'ya a kasuwa. Alu ya shiga Kano a 1894, Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya a watan Maris na 1895, ya ji rauni, ya cika a hannun waɗanda suka ci shi da yaƙi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka zamanin kakanni zamanin mala'iku ne. Mutanen da za su fuskanci Turawa bayan shekara takwas, sun riga sun ga abin da ake yi wa wanda aka kama, wasunsu da hannunsu suka yi.

A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya samu hujjar da yake nema. Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja 700 da 'yan kai, da igwa huɗu, da bindiga mai jigida huɗu. Turawan cikinsu ba su kai 40 ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarbawa da wasunsu. Tun 1863, lokacin da Glover ya kafa rundunarsa a Ikko, bayin da suka tsere daga iyayengijinsu ne kashin bayan sojan da ake kira Hausa. Cikin waɗanda suka nufo Kano akwai mutanen da tarihinsu ya fara da hari da igiya a wuya, waɗanda ba wanda ya zo fansarsu. Ƙasar da ta bar 'ya'yanta a hannun wasu, ta gan su sun dawo cikin kaki.

Bebeji ce gari na farko da ya rufe musu ƙofa. Kyaftin Abadie, wanda Zazzagawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya matsa gindin ganuwa ya nemi a buɗe. Aka amsa masa daga sama cewa Sarkin Kano ya hana, kuma wanda ya buɗe ransa ne. Turawa sun rubuta wannan amsa a matsayin shaidar tsoron Alu, kuma ba shakka akwai tsoron. Amma mai riƙe da gari a bakin iyaka, wanda aka damƙa masa ƙofa, me ake so ya ce? Alu ba ya ma ƙasar, ya tafi Sakkwato tun farkon Janairu don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Sarkin Bebeji zai iya buɗewa ya ce ubangijinsa ba ya nan. Bai buɗe ba. Aka saita igwa, harsashi ya tarwatsa ƙofar, shi da wasu manyan garin da ke bayanta suka faɗi nan take, soja suka kutsa. Bayan Bebeji babu garin da ya sake tsayawa a hanyar. Masu makami suka janye zuwa birni, talakawa suka fito da abinci suna sayar wa rundunar.

Ranar 3 ga Fabrairu aka fasa Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Rahoton Turawa ya ce an kashe Kanawa kimanin 300, su kuwa ba su rasa ko mutum ɗaya ba. Wanda ya tsaya har ƙarshe a Gidan Rumfa shi ne Sarkin Shanu Ɗan Gwari, bawan sarki, da 'yan mutanensa. A nan ya mutu. Mutumin da bauta ce ta kawo zuriyarsa fada, shi ya riƙe amanar gidan a ranar da masu gidan ba sa nan. Turawa suka buɗe gidan yarin birni, Lugga ya bayyana ɗakunan da babu iska, da mutane cunkushe har wasu suna mutuwa a tsaye. Mai cin ƙasa da yaƙi ne ya rubuta, yana da dalilin zuzutawa, amma kurkukun gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga daular da ta fara da kwance ɗaurarru.

Labari ya iske Alu a Birnin Goga yana kan hanyar dawowa, da dawakai dubbai tare da shi. A nan 'ya'yan Maje Karofi uku suka rabu, kowa da hanyarsa. Cikin dare Alu ya sulale ya yi arewa da mutane ƙalilan, gari ya waye runduna ba ta da sarki. Wambai Abbas ya ja kaso mai yawa ya nufi Kano don ya miƙa wuya. Waziri Ahmadu ya ce shi ba zai koma gida ya tarar da Nasara a gidan ubansa ya gaishe su ba. A ƙarshen Fabrairu ya gamu da wata ƙaramar ƙungiyar soja a kusa da Kwatarkwashi, barade suka yi ta kai sukuwa kan bindigogi, sau bayan sau, har ya faɗi. Shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada. Hafsan da ya jagoranci sojan, Laftana Wright, ya samu lambar yabo mafi girma ta Ingila saboda wannan rana. Abbas ya iso Kano a farkon Maris, aka karɓe makaman mutanensa, a watan Afrilu Lugga ya tabbatar masa da sarauta.

Kanawa sun fi shekara ɗari suna muhawara a kan daren da Alu ya sulale. Masu kare Alu suna cewa niyyarsa hijira ce zuwa gabas, irin wadda Attahiru ya yi bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da Magajin Keffi. Alu ba matsoraci ba ne, wanda ya ci basasa ya kuma kara da Damagaram ba a kiransa haka. Amma ni ban ga yadda za a wanke shugaban da ya bar mutanensa suna barci bai sallame su ba. Ko yaƙi zai ce, ko sulhu, ko hijira, hakkinsu ne su ji daga bakinsa. Abbas ma ana yi masa kallon wanda ya ci riba, sai dai dubban mutanen da ya komo da su gida da ransu, su da zuriyarsu, ba za su yarda a kira abin da ya yi cin amana ba. Miƙa wuya bayan hanyar nasara ta toshe ba laifi ba ne a kowace dokar yaƙi. Laifin yana ga wanda ya miƙa wuya don kansa ya bar na ƙasa da shi.

Alu bai yi nisa ba. An gane shi a ƙasar Gobir cikin shigar fatake masu gishiri, aka tsare shi, aka damƙa wa Turawa. Daga nan ya zama abin da yau za a kira fursunan yaƙi, shugaban rundunar da aka ci. A lokacin akwai doka. A 1899 ƙasashen Turai sun rattaba hannu a birnin Heg kan ƙa'idojin yaƙin ƙasa, Ingila na cikinsu. Ƙa'idojin sun ce a riƙe fursuna da mutunci, sun hana a ce ba za a bar kowa da rai ba, sun tanadi sakin fursuna bisa kalmarsa ta girma, sun ce a mayar da shi gida in an yi sulhu. Sai dai Turawa sun ɗauki wannan a matsayin yarjejeniya tsakaninsu kawai. Ba ta hau kan Bebeji ba, ba ta hau kan Burmi ba, ba ta kuma hau kan Satiru ba, inda a watan Maris na 1906 aka shafe gari guda, aka kashe mutane wajen 2,000, ba a damu da kama kowa da rai ba. Wanda za a saki da wanda za a riƙe, amfani ne ke yanke hukunci. Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse, wanda ya fi kowa suna wajen kamun bayi, Abadie ya kama shi a 1902, amma a 1903 aka mayar da shi kan gadonsa. Alu kuwa aka kai shi Yola, daga can aka wuce da shi Lakwaja.

A wani fanni ƙasar ce gaba ɗaya ta zama kamammiya, malamai kuma suka koma ga hukuncin wanda aka fi ƙarfinsa. Wazirin Sakkwato Buhari, wanda ya dawo ya yi sulhu da Turawa, ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa, bayan ya nemi fatawar malamai. Matsayin da aka tsaya a kai shi ne ana iya mu'amala da mai rinjaye a zahiri don a tsare rayukan Musulmi da addininsu, muddin zuciya ba ta miƙa ba. Hujjar Ammaru ce aka shimfiɗa ta a kan al'umma. Wasu malaman ba su yarda ba, suka ce hijira ce kaɗai mafita, suka bi Attahiru, ragowarsu suka kai har bakin kogin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu suke a Mai Wurno.

Dokar da sojan Najeriya da na Nijar suke koya yau ta zo daga baya. Yarjejeniyar Janiba ta uku, ta 1949, ta ce fursuna ba a tilasta masa faɗin komai sai sunansa, da muƙaminsa, da ranar haihuwarsa, da lambarsa ta soja. Ta hana azabtar da shi don a tatsi bayani, ta hana a baje shi jama'a su yi kallo. In ya gudu aka sake kama shi, horon ladabtarwa ne kawai a kansa. In ya karɓi saki bisa alkawari, wajibi ne ya cika, ƙasarsa ma ba ta da ikon sa shi ya saɓa. In yaƙi ya ƙare a sake shi ba da jinkiri ba. Amurka ta ƙara nata a 1955, bayan yaƙin Koriya, inda wasu fursunoninta suka yi wa abokan gaba farfaganda, 21 kuma suka ƙi komawa gida. Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan ƙa'idar da ta umarci sojan da aka kama ya ci gaba da turjiya, ya nemi hanyar tserewa, ya riƙe amanar 'yan uwansa fursunoni, babba a cikinsu ya ɗauki jagoranci, kada kuma ya karɓi wata alfarma ta musamman ko saki bisa alkawari.

A wannan gaɓa ta ƙarshe Amurkawa sun rabu da malamanmu, amma damuwarsu ɗaya ce. Su sun hana soja ba da kalmarsa tun farko, don sun san in ya bayar ta ɗaure shi. Fiƙihun Malikiyya ya bar masa zaɓi, ya ce in ka bayar ka riƙe. Babu ɗayansu da ya yarda mutum ya yi rantsuwa da niyyar karyawa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san zaman bakin iyaka. Kamamme ɗaya in ya ci amanar wanda ya sassauta masa, na bayansa ne za su sha mari da turu, kuma ɗan aiken da zai zo cinikin fansa gobe ba za a gaskata shi ba. Na fi ganin hikima a hanyar malamai, don ta bar ƙofar sassauci a buɗe tsakanin mutanen da za su ci gaba da zama maƙwabta bayan yaƙi. Najeriya ta ɗanɗana wannan a yaƙin basasa. Gwamnatin Gowon ta fitar da ƙa'idar aiki ga sojanta a 1967, wadda ta ce a kyautata wa wanda ya miƙa wuya. An keta ta, mafi muni a Asaba a watan Oktoban shekarar, amma da yaƙin ya ƙare a Janairun 1970 ba a kafa kotunan ramuwa ba, aka sallami mayaƙan ɗaya ɓangaren suka koma garuruwansu.

Alu bai samu irin wannan sallama ba. Yaƙin da aka kama shi a cikinsa ya ƙare a 1903, shi kuwa ya ci gaba da zama a tsare shekara 23. Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ta zama matattarar sarakunan da Turawa suka tuɓe. Etsu Nupe Abubakar na Bida ya zauna a can, haka Sarkin Zazzau Kwasau, daga baya aka kawo Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai waƙoƙi, wanda ya rasu a 1924. An raba su da ƙasarsu da jama'arsu, aka ajiye su cikin zafi da sauro, ana ba su ɗan abin masarufi. Alu malami ne tun kafin ya zama sarki, mai zurfi a tasawwufi, kuma da wannan ilimi ya shiga zaman da ba shi da ranar ƙarewa. Turawa ba su taɓa yarda ya sake taka ƙasar Kano ba, ko da gadon ya tabbata a hannun 'yan uwansa. Abbas ya rasu a 1919 aka naɗa Usman, shi ma ɗan Maje Karofi. Alu ya rasu a Lakwaja a 1926 aka binne shi a can, a shekarar da Usman ya rasu aka naɗa Abdullahi Bayero ɗan Abbas.